A Auna Kafin A Ɗura: Maganar Dila Da Bindigar Toka

Kaka ta wuce, an kau da gero da dawa daga gonakin tudu, an yanke shinkafar damina a fadamun gulbin Rima, tun daga Augie da Argungu har Ambursa da Birnin Kebbi da Kalgo. An saki awaki suna kala. To, ko wace shekara a daidai wannan lokaci ne kukan masu kiwo ya kan yi yawa game da dila. Wannan ya ce an ɗauke masa ɗan akuya da magariba, wancan ya ce an shiga akurki an yi masa ɓarnar zabi. Da an faɗi haka sai a aika a kira maharbi, shi kuwa ya sauko da bindigarsa daga rataya, ya zuba albarushi da ƙiyasin ido, ya bi shi da ƙusoshi da guntayen ƙarfe, ya danna, ya tafi kwanto.

Abin da ya kan biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Ko dai a ji ƙara kamar aradu, hayaƙi ya washe a ga dila ya tafi abinsa. Ko a same shi a ciki ya ja hanji ya shige daji ya mutu inda ba mai gani. Ko ya faɗi nan take, amma fatarsa ta zama rariya, ba ta da wani amfani. Mafi muni duka, bindigar ta fashe a hannun mai ita. Asibitocin ƙasar nan sun sha karɓar mutanen da suka rasa yatsu ko ido ta wannan hanya. Garin neman gira ke nan an rasa ido, domin ba akuyar da ta kai kuɗin hannun magidanci mai ciyad da iyali.

Maganar da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba ita ce: laifin ba na bindigar ba ne, na ɗurin ne. Ɗurin da ba a auna ba kuwa ganganci ne, ba jarunta ba.

YADDA MAHARBAN AMURKA SU KE YI

A ƙasar Amurka da Kanada akwai wata dabba da su ke kira koyoti. Dangin dila ce, sai dai ta ɗan fi shi girma, halinsu kuwa ɗaya, wayo da satar 'yan tumaki. Masu kiwo a can suna kuka da ita kamar yadda a ke kuka da dila a nan. Waɗansu maharbansu suna harbinta don fata, musamman da hunturu sa'ad da gashinta ya yi kauri, domin a kan yi wa rigunan sanyi wuya da shi. Da ya ke mai sayen fata yana rage kuɗi bisa ga yawan huji da yaga, sai maharban suka mai da hankali ƙwarai ga abin da su ke sa wa a bindiga. Da yawa daga cikinsu ba su yarda da harsashin kanti ba, su ke ɗura kwansonsu da hannunsu a gida, gama dokar ƙasarsu ta yarda musu.

Abin lura shi ne yadda su ke yin aikin. Suna da ɗan ma'auni mai kama da na masu sayad da zinariya, suna auna albarushi da wani awo ƙanƙane, wanda sai an tara wajen 15 kafin su cika giram ɗaya. Ba su ƙetare iyakar da masu yin albarushin suka rubuta. Harsashin da su ke zaɓa ƙarami ne, faɗinsa bai kai milimita 6 ba, mai shiga ta ƙaramin huji ya ƙare aikinsa a cikin ƙirji ba tare da ya tsaga fatar ɗaya gefen ba. Sa'an nan kafin su je daji sai sun kafa takarda a yadi 100, su harba sau uku ko biyar, su duba ko hujin sun taru wuri ɗaya. Ko wane gwaji suna rubuta shi a littafi.

Ba wai an kawo labarin nan don mutanen Kabi su kama ɗura kwanso a gida ba ne. A'a. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana mutum ya ƙera ko ya haɗa bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba, bindigar soja kuwa ba ta farar hula ba ce sam. An kawo shi ne don a ga cewa mutanen da bindigoginsu suka fi na nan ƙarfi nesa ba kusa ba, su ne kuma suka fi tsoron zuba albarushi da ka. In mai bindigar da injin ya ƙera da baƙin ƙarfe na musamman yana aunawa, ina ga mai bindigar da aka yi da bututun famfo?

BINDIGAR TOKA DA HALINTA

Bindigar toka, wadda waɗansu ke yi wa ba'a da harba-ka-ruga, asalinta daga bakin teku ta zo. Fataken ƙasar Danmak da suka zauna a gaɓar Ankara, a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, suna cikin waɗanda suka yi ta sayad da ita, har Turawan Ingila suka laƙaba mata sunansu. Daga baya maƙeran ƙasar nan suka koyi yinta. Cikin bututunta sumul ya ke, ba shi da zanen nan mai murɗa harsashi ya tafi sak. Sabo da haka ba ta da saiti mai nisa, ko da wane ne ya riƙe ta.

Maharba da yawa suna zaton yawan albarushi shi ne ƙarfi. Ba haka ba ne. Albarushi yana da iyakar abin da zai ƙone kafin harsashi ya fita daga baki. Abin da ya haura wannan, ƙara ce da hayaƙi da naushin kafaɗa, da kuma wahalad da ƙarfen bututun. Mutumin da ya san bindigarsa za ta nushe shi kuwa ya kan runtse ido ya kau da kai kafin ya taɓa kunama, shi ke nan saiti ya ɓaci. Watau yawan ɗurin da a ke taƙama da shi, shi ne ya ke jawo kuskuren.

Haka kuma ƙusa da guntun tukunyar ƙarfe da wayar keke. Ba su da siffa ɗaya, ba su da nauyi ɗaya, ko wanne da inda ya ke nufa in ya fita. Suna kankare cikin bututu, suna rage masa kauri. Wanda ya sami dabba a cikinsu ba huda fata ya ke yi ba, yaga ta ya ke yi. Wanda bai same ta ba kuwa ya kan tafi inda ba a aike shi ba, ga shi kuwa a bayan gari a ke kwanton dila, kusa da turken awaki da hanyar rijiya.

Ga abin da tsofaffin maharba na ƙwarai suka sani tun da, wanda ya kamata Sarkin Baka na ko wane gari ya riƙa tuna wa yaransa:

Na ɗaya, ko wace bindiga ta sami ma'auninta guda, na ƙaho ko na kara, wanda maƙerin da ya san ta ya yanka mata. Kada a ƙara a kansa don an ji haushin dila. Kada kuma a zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bakin bindiga, domin in akwai sauran wuta a ciki, gorar ce za ta tashi a hannu.

Na biyu, kada a kuskura a fasa kwanson bindiga mai baki biyu a juye albarushinsa cikin bindigar toka. Wannan albarushi marar hayaƙi irinsa dabam ne, ƙarfinsa ya fi abin da bututun zai iya ɗauka. Ba a gauraya shi da na gargajiya, ko ƙanƙane.

Na uku, harsashi ya zama mulmulalle, girmansa ɗaya, ya sauka har ya zauna a kan albarushi. In aka bar fili tsakaninsu, nan ne bututu ya kan kumbura ko ya tsage. A yi wa sandar dannawa alama, don a san bindiga da ɗuri ko ba ɗuri. Ɗuri a kan ɗuri ya nakasa mutane da yawa.

Na huɗu, a gwada. A kafa kwali a jikin suri ko gaɓar rafi inda ba mutane a baya, a auna taki, a harba, a ga inda ya faɗa. Nisan da mutum ya ga yana samun faɗin tafin hannu a kai a kai, shi ne iyakarsa a daji. Abin da ya wuce nan ɓarnar albarushi ce.

Na biyar, a nufi ƙirji ta bayan kafaɗa, a jira dabba ta tsaya ta ba da gefe. Harbi ɗaya mai kashewa nan take ya fi tausayi, ya fi kuma barin fata da kyau. Addini ma bai yarda a azabtad da dabba ba, ko da mai ɓarna ce.

Na shida, a wanke bututu da ruwan zafi bayan harbi, a busad da shi, a shafa mai. Tokar albarushi tana jawo laima, laima ta kawo tsatsa, tsatsa ta ci ƙarfe ta ciki inda ido ba ya gani.

Akwai kuma maganar darma. Waɗansu su kan fasa tsohon batirin mota su narka darmarsa a tsakar gida, wani lokaci ma a tukunyar girki. Ya kamata a tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar darma daga dutsen zinariya da a ke daka wa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Darma guba ce mai cin ƙwaƙwalwar yaro a hankali. Ba abar narkawa ba ce inda yara ke rarrafe.

FATAR WA A KE TSARO?

Wani zai ce, to, duk wannan wahala don fatar dila, nawa ce ma fatar dilan? Tambayar tana kan hanya. Gaskiya ita ce fatar dila ba ta da babbar kasuwa. Ƙasar nan ba ta da sanyin da zai sa gashinsa ya yi kauri, masu sayenta ba su wuce masu magani na bakin kasuwa da maharba masu yin jaka da ado ba. Ko a Amurka ma cinikin fatar koyoti ba shi da tabbas. A 2021 wani babban kamfanin rigunan sanyi na Kanada, Canada Goose, wanda a lokacin ya ke cikin manyan masu amfani da ita, ya ba da sanarwar zai daina sa gashin dabba a rigunansa. Wanda ya dogara ga fatar naman daji ya dogara ga abin da ba shi da tushe.

Fatar da ta ke da daraja a ƙasar nan tana ɗaure a turke. Jar akuyar Sakkwato, wadda mutanen Nijar ke kira ta Maraɗi, fatarta tana cikin mafiya kyau a duniya. Tun zamanin ayarin raƙuma a ke ƙetare Sahara da jemammiyar fatarta, Turawa suna saye a hannun fataken Maroko, har suka sa mata sunan Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Da ita a ke yi wa manyan littattafai bango, a ke ɗinka safar hannu da takalma masu tsada. Har gobe 'yan fata suna bin kasuwannin Argungu da Birnin Kebbi da Jega suna tarawa, a kai wa majema na Kano da Sakkwato.

Abin mamaki, manomin da zai hana idonsa barci don dila ya ɗauke masa ɗan akuya ɗaya, shi ne zai bari a ɓata masa fatun awaki goma da wuƙa mai tsini. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce, ko fatar dila ko ta akuya. A feɗe da wuri kafin ta fara wari. A yi amfani da wuƙa mai zagayayyen baki, inda hannu zai iya ɓare fata a bar wuƙa. A kankare nama da kitse, a wanke jini. A shanya a inuwa, a rataye inda iska ke ratsawa, ko a zuba gishiri. Fatar da aka kafe a ƙasa cikin rana bayanta ya kan bushe cikinta ya ruɓe, sai ta shiga ruwan bagaruwa aibin ya fito. Tun zamanin En'e malaman duba fata ke yawo suna faɗin haka, akwai kuma makarantar aikin fata a Samaru ta Zariya, amma har yanzu kunne bai gama ji ba.

KISAN ƘARE DANGI BA MAGANI BA NE

Akwai masu cewa a bar wannan dogon lissafi, a zuba guba a mushe kawai a huta. Waɗannan ya kamata su ji yadda Amurka ta ƙare da nata dilan. Tun 1931 Gwamnatinsu ta yi doka ta yaƙi da dabbobi masu ɓarna, aka bi koyoti da tarko da guba da bindiga, har da jirgin sama. A 1972 Shugaba Nixon ya hana zuba guba a filayen Gwamnati, don an ga tana kashe abin da ba a nufa ba. Bayan duk wannan, koyoti bai ƙare ba. Da can a filayen yamma da tsakiyar ƙasar ya ke, yanzu ya kai gabas har bakin teku, har cikin manyan birane a kan gan shi. In aka kashe na wuri, na maƙwabta su kan shigo su maye gurbi, waɗanda suka saura kuma su sami abinci a wadace su yi ta haihuwa. Ƙasar da ta fi kowa bindiga ta kāsa, ina ga bindigar toka?

Guba kuwa ba ta tambayar suna. Karen gida zai ci, ungulu za ta ci. Dattawa suna iya tuna sa'ad da ungulu ke cika mahautar ko wane gari, yau sai a yi wata ba a ga ɗaya ba, har masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a 2015. Mushen da da ita ke kau da shi, yanzu sai ya kwana yana wari a bayan gari.

Sa'an nan dila ba ɓarna kaɗai ya ke yi ba. Ba banza aka ce masa malamin daji ba. Yawancin abincinsa ɓera ne da gafiya da fara da ƙwari da mushe da 'ya'yan itace. Mai shinkafar rani a fadamar Argungu, wanda ɓeraye ke yanke masa shuka suna huda masa kunya, ya kamata ya san dilan da ke yawo a gonarsa da dare ɗan ƙodago ne da ba ya karɓar lada. Wanda ya koyi shiga turke shi ne mai laifi, shi kaɗai ya kamata a yi wa kwanto, a wurin da ya saba shigowa.

Kafin ma a kai ga bindiga, rigakafi ya fi magani. A dawo da awaki gida kafin faɗuwar rana. A yi wa turke shinge mai tsawo na ƙaya, a binne gindinsa, domin dila mai tona ƙasa ne. Akuya mai sabuwar haihuwa a ajiye ta cikin gida sati biyu ko uku. A daina zubad da mushe da mahaifa a bayan shinge, gama shi ne ke koya masa hanya. A bar kare a garke. Masu tumaki a Amurka ma sun koma ga karnukan tsaro da jakuna, don jaki ba ya shiri da dangin kare, ya kan bi su da harbi da cizo. Jaki kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi.

A kuma yi hattara da dilan da ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron mutane, ko yana dalalad da miyau. Mai yiwuwa ne ciwon haukan kare ke gare shi. Irin wannan ba a feɗe shi, binne shi a ke yi da zurfi, a gaya wa likitan dabbobi. Wanda ya ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, domin in ciwon ya bayyana ba shi da magani.

BINDIGA A ZAMANIN TSORO

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Zamani ya sāke. Ƙasar da ta sha fama da 'yan bindiga, ƙarar harbi da tsakar dare ba ƙaramin abu ba ce gare ta, mata da yara su kan fita da gudu, 'yan banga su fito da shiri. Mutumin da aka gani da bindiga a bayan gari da duhu ba a tsayawa tambayarsa ko dila ya ke jira. Ba a manta da abin baƙin cikin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025 ba, inda aka kashe maharba 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida yin Salla, don an ga bindigogin farauta a motarsu. Ba abin da zai halatta wannan zalunci, amma ya nuna yadda riƙe bindiga ya zama abin haɗari ga mai ita.

Sabo da haka ya kamata ko wane maharbi ya je ofishin 'yan sanda ya ji abin da doka ta ce game da bindigarsa, domin Dokar 1959 ta sa sha'anin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha. Ya kuma san akwai Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963, wadda ta jera dabbobin da aka hana kashewa da waɗanda sai da lasin. Ranar da za a yi kwanto a gaya wa mai gari da maƙwabta tun da rana. Iyayen ƙasa na masarautun Argungu da Gwandu kuwa, da za su sa Sarakunan Baka su rubuta sunayen maharbansu, su riƙa duba bindigogi sau ɗaya a shekara kafin a shiga farautar rani, a ware masu tsatsa da masu tsaguwa, da an rage nakasassu a ƙauyuka.

Bafatake ba ya sayad da hatsi sai da mudu, akawu ba ya rufe littafi sai ya yi lissafi, mai shinkafa ma yanzu ya san awon takin da kadadarsa ke ci. Ba dalili maharbi kaɗai ya zama mai aiki da ka, alhali abin da ke hannunsa wuta ce. Wanda ya gyara shingensa ba safai zai bukaci bindiga ba, wanda kuwa tilas ta sa ya ɗauka, to, ya auna. Allah ya tsare dukiyar talakawa, ya kiyaye hannuwan masu nema, ya ba da rani mai albarka, amin.